Zaman Koriya ta Kudu: ku faɗa mini daɗinsa da wuyarsa

Auwal Gwammaja: Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne, wani abokin yayana ya sako ni a zauren nan. Na gama digiri a fannin kemistiri, na yi bautar ƙasa, tun daga nan sai buga-buga. Ina shirin neman tallafin karatu na gwamnatin Koriya da ake kira GKS. Sai kuma ga wani ejan a nan Kano ya ce in daina wahalar da kaina, in kawo kuɗi ya yi mini bizar aiki a masana'anta, wai albashin wata ɗaya a can ya fi na shekara a nan. Akwai wani fili da muka gada, 'yan'uwana sun yarda a sayar. Don Allah ku da kuke can ku faɗa mini gaskiya, yaya zaman yake?

Malam Habu (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam, maraba da kai. Kafin kowa ya ce komai, kada ka taɓa filin nan. Bizar da ake ba leburorin masana'anta da gona sunanta E-9, tsari ne da suka fara a 2004, kuma tsakanin gwamnati da gwamnati ake yin sa, da ƙasashen Asiya irin su Nepal, Bangaladesh, Indunusiya, Filifin da Kambodiya. Babu Najeriya a ciki, babu Nijar, babu Gana. Duk wanda ya ce zai yi maka ita daga Kano, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani sarai. Shi kuwa GKS kyauta ake cikewa, ta ofishin jakadancinsu a Abuja ko ta jami'ar kai tsaye. To, 'yan'uwa, bismillah, a ba shi labari.

Baban Hanifa: Ƙanena Auwal, ni ta GKS ɗin na shigo, yanzu ina aikin bincike a Daejeon, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin ƙasar nan. Suna biyan kuɗin jirgi da na makaranta, suna ba ka alawus duk wata a kewayen won miliyan ɗaya (won shi ne kuɗin ƙasar). Shekarar farko harshe zalla za ka koya, kuma sai ka ci mataki na 3 a jarrabawar harshen Koriya, TOPIK, kafin a bar ka ka shiga digirin. Rubutun nasu ba shi da wuya, harufa 24 ne yanzu, Sarki Sejong ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 15 don talaka ya iya karatu, cikin mako guda za ka fara karanta allunan kan titi. Magana ce aiki.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne abubuwa suna yin abin da aka ce za su yi. Allo ya ce bas zai zo nan da minti huɗu, minti huɗun ne. Da kati ɗaya, T-money, za ka hau bas ka sauka ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, in ba ka wuce rabin awa ba ba za a sake cazar ka sabon kuɗi ba. Daga Seoul zuwa Busan, ƙarshen ƙasa zuwa ƙarshen ƙasa ke nan, jirgin KTX awa biyu da rabi da 'yan mintuna. Ka yi odar kaya a kantin intanet na Coupang da daddare, kafin ka fito sallar asuba suna bakin ƙofa, kuma ba wanda zai ɗauke. Wuta da ruwa kuwa har mutum ya manta ana maganarsu.

Zee Kaduna: Wayyo Allah, ni dai ku ɗauke ni a akwati. Yadda nake ganin su a finafinai ga tsafta ga ladabi ga iya soyayya.

Na Ansan: Ƙanwata Zee, a fim ɗin an taɓa nuna miki mai wankin ƙarfe a masana'anta ƙarfe uku na dare? Baban Hanifa, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma Koriyar masu farar riga ka ba shi. Akwai wata Koriyar, ni ita na zauna kafin in dawo gida.

Ni irin hanyar ejan ɗin nan na bi. Bizar ziyara aka yi mini, aka ce in na sauka za a juya ta. Ba a juya komai ba. Wasu suka ce in je in nemi mafaka, a ba ni G-1, bizar wucin gadi ta mai jiran hukuncin mafaka, in riƙa sabuntawa. Abin da ba su faɗa maka shi ne, cikin mutum ɗari da suka nemi mafaka a ƙasar nan da ƙyar ake amincewa da biyu, sauran jan rai ne kawai, daga ofis zuwa kotu, har ranar da za a ce ka tattara. A tsakanin nan kai da aikin da ɗan ƙasa ya ƙi: narka roba, rarraba bola, ɗiban kabeji a sanyi. Kwanan mu a kwantena ne a bayan masana'anta, mu shida. In ka ji an ce jami'an shige da fice sun shigo unguwa, cinyarka har rawa take. Na ga wanda ya diro daga bene ya karya ƙafa, kuma tsoron zuwa asibiti ya hana shi motsi.

Kuɗi akwai, ba zan yi ƙarya ba. Mafi ƙarancin albashi a 2025 won 10,030 ne a awa, a wata ya haura miliyan biyu kaɗan. In ka juya shi zuwa naira sai kanka ya yi girma. Amma mai gidan da ya san ba ka da takarda, shi ke yanke ranar da zai biya ka. Nawa ya riƙe mini na wata biyu da kuɗin sallama, in kun yarda yanzu in rubuta sunan kamfanin kowa ya sani.

Malam Habu (mai kula da zaure): A'a, Na Ansan, ka yi haƙuri, ba a sa sunan kamfani ko na mutum a zauren nan. Ba don ban yarda da kai ba. A dokar Koriya, ko gaskiya ka faɗa a kan mutum a bainar jama'a, in ta zubar masa da mutunci yana iya maka ka kotu da laifin ɓata suna, kuma akasarin 'yan zauren nan a can suke zaune. Wannan ma darasi ne gare ka, Auwal, ba a yin tonon silili a Facebook yadda muka saba. Abin da ake yi shi ne a kai ƙara ofishin ma'aikatar ƙwadago. Kuma mutane su sani, ko ba ka da takardar zama, doka ta ce a biya ka guminka, in ka ji rauni a bakin aiki kana da haƙƙin diyya. Wanda ya cika shekara a wuri ɗaya yana da kuɗin sallama na kimanin albashin wata guda a kan kowace shekara.

Na Ansan: Doka ta ce, Malam. Amma wanda yake ɓuya shi zai ɗauki ƙafa ya kai kansa ofishin gwamnati? Ko masu E-9 ɗin da suka shigo ta ƙofa ba sa iya canza wurin aiki yadda suka so, kusan sai da sa hannun mai gida. A Disambar 2020 an tsinci gawar wata 'yar Kambodiya a Pocheon, a ɗakin da aka ba ta cikin rumfar leda ta gona, ana tsananin sanyi. Ita da takardarta. A Yunin 2024 gobara ta tashi a masana'antar batir a Hwaseong, mutum 23 suka mutu, 18 baƙi ne. Ba sharri nake musu ba, jaridunsu ne suka buga.

Baban Hanifa: Ban musa ko ɗaya ba. Amma ka lura, jaridunsu ne suka buga, kuma 'yan ƙasar ne suka fito zanga-zanga a kai. Ni abin da nake so Auwal ya gane, ni da kai ƙasa ɗaya muka zauna, harafin da ke jikin bizarmu ne ya raba mu.

Injiniya Sadi: Yaya Baban Hanifa, bari in ɗan rage wa farar rigar nan haske, don ni ina cikinta yanzu a Daegu. Auwal, tunda kemistiri ka yi, ɗakin gwaji za ka faɗa, kuma a nan farfesanka shi ne uwa shi ne uba. Shi zai sa hannu a alawus ɗinka, shi zai ce ka gama ko ba ka gama ba. In ka dace da na kirki ka ji daɗi, kayan aikin da a gida sai dai ka gan su a littafi za a miƙa maka makullinsu. In ba ka dace ba, za ka shiga tara na safe ka fito sha ɗaya na dare, har Asabar, kuma ba wanda ya ce maka ka zauna. Kawai farfesa bai tafi ba, babban ɗalibi bai tafi ba, to kai wa? Dokar awa 52 a mako da suka kawo a 2018 ta ma'aikata ce, ɗalibi ba ya ganin ta. Kafin ka zaɓi farfesa, nemi baƙin ɗaliban da suka yi aiki a ƙarƙashinsa ka tambaye su a keɓe. Wannan ya fi sunan jami'ar muhimmanci.

Sai maganar girma. Tambayar farko da za a yi maka ita ce shekarunka, don a san da wane harshe za a yi maka magana. Wanda ya girme ka da shekara ɗaya tak yayanka ne. Da hannu biyu ake miƙa abu, ba a fara cin abinci kafin babba. Wannan bai ba ni wuya ba, mu ma da shi aka raine mu, har tuɓe takalmi a ƙofa da zama a ƙasa. Inda ake samun matsala shi ne cin abincin dare na 'yan ofis, hoesik. Naman alade ne a kan garwashi da kwalaben soju, giyarsu, kuma a wurin ake ƙulla zumunci, a wurin ake yanke shawarar da gobe za ka ji ta a bakin wasu. Ni tun ranar farko na ce ba na sha ba na ci, saboda addini. Sun karɓa, har sukan sayo mini kifi da lemo. Amma ka san kana gefe.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Ni ba ɗan lakkwal ba ne, ɗan kasuwa ne, motoci nake lodi daga Incheon. Injiniya, ni ban yarda da wannan kukan ba. Bahaushe ya ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ka nemi tsumma ka ɗaura. Ba giya na ce ka sha ba. Amma ka zauna da su, ka gasa musu naman kana dariya, ka koyi gaisuwarsu. Ni dillalan da nake hulɗa da su a filin motoci na Songdo, da na fara ce musu sajangnim, wato shugaban kamfani, ina ɗan rusunawa, farashi ma sauka ya yi. Mutanen nan in suka yarda da kai sun yarda. In suka ce kwantena za ta tashi Talata, Talata za ta tashi. Motocinsu sitiyarin hagu ne irin namu, Hyundai da Kia kuma ko'ina akwai kayan gyaransu. Matsalata ba a Koriya take ba, a hanya take: tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kayan da ke bi ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina, riba ta tafi a mai da rakiya.

Amma fa ba sa jira. Komai ppalli-ppalli, maza-maza. Ka ce "in Allah ya kai mu gobe" ka makara awa ɗaya, an sayar wa Balarabe ko ɗan Kirgistan. Kuma mai son kafa kamfani da bizar zuba jari, D-8, sai ya shigo da won miliyan 100 aƙalla. Ba wasan yara ba ne.

Injiniya Sadi: Alhaji, kai kuɗi kake kai musu, dole su yi maka dariya. Zo Daegu ka gani. Ɗalibai Musulmi na jami'ar Kyungpook sun sayi wuri a unguwar Daehyeon, aka ba su izinin gina masallaci a 2020. Maƙwabta suka tayar da ƙura, hukumar yankin ta dakatar da ginin a farkon 2021. Aka je har kotun ƙoli, a 2022 ta ce ɗaliban ne da gaskiya. Ka san abin da ya biyo baya? Kawunan aladu aka jera a bakin lungun, aka yi walimar gasa naman alade a ƙofar wurin. Kuma ba abin da za ka kama, domin har yau ƙasar nan ba ta da cikakkiyar dokar hana wariya. Tun 2007 ake kai ƙudirin majalisa yana mutuwa. Mai gidan haya zai iya ce maka ba ya ba baƙo, mai kulob ya rubuta a ƙofa, ba laifi ba ne a doka.

Ɗan Damagaram: Wannan kam abin takaici ne, na ji labari. Amma masallacin unguwar Itaewon a Seoul yana nan tun 1976, gwamnatinsu ce ta ba da filin, ranar Juma'a har kan titi ake sahu, ban taɓa ganin an jefi kowa ba.

Injiniya Sadi: Itaewon ba ita ce Koriya ba, Alhaji. Kuma a Itaewon ɗin ne a 2014 wata mashaya ta manna takarda cewa ba ta karɓar 'yan Afirka saboda Ebola.

Maman Sultan: Sallama gare ku. Tun ɗazu ina karantawa, duk maza ne ke magana a kan aiki da kasuwa, bari in kawo ta cikin gida, don Auwal ba zai dawwama gwauro ba.

Ni mijina na biyo, muna Suwon. Bizata F-3 ce, ta iyali, ba a yarda in kama aiki haka kawai ba, ga ni da digirina. Watannin farko na sha kuka. Maigida ya fita tun safe, ba mai sallama, ba mai aiko yaro karɓar gishiri. Maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa sai mu haɗu a lif ta sunkuyar da kai ni ma in sunkuyar, shi ke nan. Rannan na samu busasshen barkono na ce bari in ɗan daka yaji a ƙaramin turmi. Washegari sai ga takarda a manne a ƙofa, da ladabi da komai, wai na ƙasa da mu suna jin ƙara. A nan hayaniya tsakanin bene da bene babbar rigima ce, har 'yan sanda ake kira. Yanzu Sultan in zai yi gudu sai a kan katifar roba da muka shimfiɗe falo da ita.

Shara ma karatu ce. Ledar zuba shara saya ake yi, ta unguwarku daban, ba a zubawa a kowace leda. Ragowar abinci wurinsa daban, amma ƙashin kaza da ɓawon ƙwai ba sa cikin ragowar abinci. Roba daban, kwalba daban, kwali a kwance shi a cire masa salatif. Ka kuskure, kyamara ta gan ka, tara ta biyo ka.

Amma asibiti, wallahi sai dai godiya. Duk baƙon da ya wuce wata shida dole ya shiga inshorar lafiya ta ƙasa, tun 2019 haka dokar take, ɗalibai ma an sa su daga 2021. Ana cirewa duk wata, in ka ƙi biya kuma za ka gamu da shi ranar sabunta biza. Amma yaro ya yi zazzaɓi, ka taka zuwa asibitin unguwa, likita ya gan shi, ka karɓi magani a kantin da ke ƙasa, duka bai kai kuɗin cin abinci sau ɗaya a waje ba. Da na samu cikin ƙanwar Sultan har katin won miliyan ɗaya aka ba ni na awo. Bayan haihuwa sai miyar ganyen teku safe, rana, dare, ita ce kunun kanwarsu, duk mai jego sai ta sha. Na sha ina hawaye, ba don ba daɗi ba. Ba Inna, ba mai dafa ruwan wanka, ranar suna mu biyar ne a ɗaki da waya a jingine ana kallon mu daga Zariya, su can ko azahar ba a yi ba mu nan dare ya yi, tazarar awa takwas ce.

Zee Kaduna: Allah sarki Anti, kin sa jikina ya yi sanyi. To hijabi fa, ba sa takura miki?

Maman Sultan: Ba wanda ya taɓa ce in cire. Kallo dai sai kin gaji. Tsofaffin mata su ne masu tambaya, da zafi sai su kama gefen hijabin su ce ba kya jin zafi? Wata kuma ta cusa wa Sultan alewa a hannu ta shafa kansa. A jirgi kuwa sau da yawa kujerar da ke gefena ita ce ta ƙarshen cika. Da abin yana ci mini rai, yanzu jakata nake ɗorawa. Amma zan fita ƙarfe goma na dare ni kaɗai in sayo madara, ko gezau. Na taɓa mance jaka a bas da kuɗi da katin zama a ciki, washegari na karɓo ta a tashar ba abin da ya yi ciwon kai.

Abin da ya fi damuna abincin yara ne. A makarantar renon Sultan duk wata ake turo jadawalin abinci, sai in zauna da biro ina zagaye ranakun da akwai alade, in dafa masa nasa. Kuma alade ba a nama kaɗai yake ba: yana cikin romon taliyar leda, cikin kimbap (naɗin shinkafa a ganyen teku), cikin alewa mai danƙo. Sai kin koyi karanta bayan leda, akwai layin da suke rubuta abin da ke ciki. Naman halal daskararre ne, daga Ostareliya ko Burazil, a shagunan 'yan Pakistan da Uzbekistan ko ta intanet. Naman sa na ƙasar da kayan marmari tsada kamar me, kankana ɗaya sai ta haura won 20,000. Amma akwai dawa da gero a kasuwa, su a shinkafa suke zubawa, ni kunu nake yi. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya kuwa duk mai zuwa gida sai ya yi mana dako. Nama dai ko kilishi ne kada ka sako a jaka, a filin jirgi za a ƙwace a ci ka tara mai nauyi.

Auwal Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu na kira ejan ɗin na tambaye shi sunan bizar. Ya ce C-3 ce, wai kowa da ita yake shiga. Sai batun gida, in na samu GKS ɗin alawus zai ishe ni haya?

Malam Habu (mai kula da zaure): C-3 bizar gajeriyar ziyara ce, ba ta wuce kwana 90, kuma haramun ne a yi aiki da ita. Ita ce Na Ansan ya ba ka labari. Ka ce masa ka gode.

Baban Hanifa: Haya kuwa, ka fara da ɗakin kwanan ɗalibai, ya fi sauƙi. A waje ba kuɗin wata ne ke kayar da mutum ba, kuɗin ajiya ne. Ɗaki ɗaya mai banɗaki da ɗan kicin, sai a ce ka ajiye won miliyan biyar ko goma kafin ka fara biyan na wata, a Seoul ma ya fi haka. Za a maido maka in za ka tashi. Akwai kuma jeonse, inda za ka damƙa wa mai gida rabin kuɗin gidan ko fiye, ka zauna shekara biyu ba haya, ya maido maka. A 2022 da 2023 dubban 'yan ƙasar sun yi asarar irin wannan kuɗin a hannun 'yan damfara, don haka baƙo ya yi nesa da shi. Mara kuɗin ajiya sai goshiwon, ɗakin da in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Ka guji ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa komai arharsa, a ambaliyar Agustan 2022 mutum uku 'yan gida ɗaya suka mutu a irinsa a Seoul. Ga sanyi, a Janairu yakan kai digiri 10 ƙasa da sifili. Ɗumin ɗaki ta ƙasan daɓe yake zuwa, daɗi kamar kada ka tashi, sai takardar kuɗin gas ta zo. Da bazara kuma ƙurar da ke sa kowa ɗaura takunkumi.

Kuma da ka sauka, yi rajistar katin zama kafin kwana 90. In babu shi ba layin waya na dindindin, ba asusun banki mai kyau, ko odar abinci sai ta gagare ka, don komai sai an tantance ka ta lambar waya. Aikin wucin gadi ma ɗalibi sai da izinin shige da fice. Kada ka sa rai da koyar da Turanci: bizar E-2 ta 'yan ƙasashe bakwai ce, a Afirka Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki, duk iya Turancinka.

Injiniya Sadi: Yaya, tunda an zo nan, ni tambayata gare ka ce. Hanifa ta kusa shiga firamare. Za ka bar ta ta taso a nan? Haihuwa a ƙasar nan ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ɗan Koriya ne. Ga Han Hyun-min, mai tallan kayan sawa, ubansa ɗan Najeriya uwarsa 'yar Koriya, a Seoul aka haife shi, Koriyanci ne harshensa, amma ya sha faɗa a hira irin tsokanar da ya sha yana yaro saboda fatarsa. Sam Okyere ɗan Gana ya yi shekaru yana haskawa a talabijin ɗinsu, ranar da ya soki ɗaliban da suka shafa baƙin fenti a fuska a 2020, ca aka yi masa har ya ba da haƙuri, daga baya ya ɓace daga allon. Suna buƙatar mu, haihuwarsu ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, mafi ƙasa a duniya, baƙi sun haura miliyan biyu da rabi. Amma buƙata daban, so daban.

Baban Hanifa: Wannan ita ce maganar da ke hana ni barci, Sadi. Hanifa da Koriyanci take mafarki. In na yi mata Hausa ta gane, amma da nasu take ba ni amsa. Kuma ina ganin 'ya'yan abokan aikina, daga makaranta sai hagwon, wato makarantar lesin ta kuɗi, har goma na dare, duk don jarrabawa ɗaya ta shiga jami'a a watan Nuwamba, wadda ranar har jirage ake hana tashi lokacin da ake gwajin sauraron Turanci. Ba na so mata wannan. Amma in na tuna asibiti da tsaro sai in ce wa zan mayar da ita ta tarar? Ina cikin shirin KIIP na gwamnati yanzu, darussan harshe da al'ada, don neman takardar zama ta dindindin. Ko na samu ban ce na yanke shawara ba.

Maman Sultan: Baban Hanifa, ka tambayi Maman Hanifa kuwa? Don mu matan mun riga mun yanke tamu a namu zauren. Firamare a nan, sakandare a gida.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta gama magana. Ni nawa suna Damagaram tun farko, ni ke zirga-zirga ta Addis Ababa.

Na Ansan: Ku da kuke da zaɓi ke nan. Malam Habu, ka faɗa wa yaron nan maganar asusu, don ita ba a faɗa wa mutum a gida.

Malam Habu (mai kula da zaure): Haka ne. Auwal, a ƙasar nan fiye da kashi 90 cikin ɗari na mamata ƙona su ake yi. In ɗan'uwa ya rasu, mu ne za mu tsaya a kan gawarsa, mu yi takardu da asibiti da ofishin jakadanci, a samu inda za a binne shi ko a sa shi a jirgi, kuma duka biyun kuɗi ne masu yawa. Shi ya sa muke da asusu, kowa na zubawa duk wata, ɗalibi rabin na ma'aikaci. Ba ma tambayar wace biza mutum yake riƙe da ita. Ranar Juma'a da ranar Idi duk ranakun aiki ne a nan, sai ka nemi izini tun da wuri, layya kuma yawancinmu gida muke aikawa a yanka. Takardun GKS na masu digiri na biyu a kan fitar da su wajen Fabrairu. Ka fara haɗa sakamakon jarrabawarka da wasiƙun malamanka tun yanzu, ka turo wa Injiniya bayanin binciken da kake son yi ya duba maka. Masu bashin asusu na watan jiya kuma, na san ku, ba sai na kira suna ba.